Jigo da Amalanke da Kwale-kwale: Koyar da Ƙarfi da Juyi da Daidaito a Makarantun Boɗinga da Shagari

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne bayyana ƙa'idoji uku na farko a cikin ilmin Fiziks, watau ƙarfi da juyi da daidaito, da harshen Hausa, ta hanyar amfani da abubuwan da ɗalibi ya tashi yana gani a ƙasar Boɗinga da Shagari. Garuruwan nan biyu suna kudu da birnin Sakkwato, a kan babbar hanyar da ta bi ta Tambuwal zuwa Jega, kuma can mukan je duba ɗalibanmu masu gwajin koyarwa. Ƙasa ce da ta daɗe da sanin malanta. A Sifawa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuwa ya zauna a Boɗinga. Haka kuma Alhaji Shehu Shagari, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983, malamin kimiyya ne a Midil ta Sakkwato tun kafin ya shiga siyasa, kuma da Hausa ya tsara Waƙar Nijeriya domin yara su san labarin ƙasa.

Akwai dalilin da ya sa muka zaɓi wannan batu. A watan Afrilu na 2022 wani kwale-kwale ya kife a ruwan Shagari da mutanen ƙauyen Gidan Magana, mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara da matasa. A watan Mayu na 2023 kuma wani ya sake kifewa da mutanen Dandeji, yara 15 suka rasu a kan hanyarsu ta zuwa ɗebo itace. Allah Ya jiƙansu. Binciken musabbabin kowane hatsari aikin hukuma ne. Aikinmu mu malamai shi ne mu tambayi kanmu: yaron da ya zauna a ajinmu ya haddace ƙa'idar daidaito da Turanci, shin ya san cewa ita ce ke riƙe da jirgin da zai shiga da yamma?

Abin da muka lura da shi a azuzuwa shi ne, in aka tambayi ɗalibai wane gefen sanda zai rinjaya, mafi yawansu sukan ce gefen da ya fi nauyi. Rabin amsa ke nan. Abin da wannan takarda take son tabbatarwa shi ne, hukunci yana hannun abu biyu: yawan nauyi, da kuma wurin da aka aza shi. Za mu fara da ma'anar ƙarfi, sa'an nan juyi, sa'an nan sharuɗɗan daidaito da ire-irensa, daga ƙarshe mu kai lissafin a kan kwale-kwale.

2.0 Ƙarfi

A maganar yau da kullum ƙarfi siffa ce ta mai shi. Mukan ce wane ƙarfi gare shi, ko mu ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. A ilmin Fiziks kuwa, ƙarfi turi ne ko ja da wani abu yake yi wa wani abu. Saboda haka ba a ambaton ƙarfi sai da abu biyu, mai yi da wanda ake yi wa. Wajibi ne malami ya tsaya a kan wannan bambanci tun ranar farko, domin ɗalibi yakan yi mamaki in aka ce masa bango yana turi, ko ƙasa tana turi, alhali ba su da rai.

Kowane ƙarfi yana da abu uku: girma, da fuskar da ya nufa, da wurin da ya kama. Ana auna girmansa da niyuton, sunan da aka ɗauko daga Aizik Niyuton, masanin Ingila wanda ya wallafa ƙa'idojin motsi a 1687. Nauyi shi ma ƙarfi ne, watau jan da ƙasa take yi wa kowane abu, kuma kullum ƙasa yake nufa, kamar yadda igiyar guga take miƙewa a cikin rijiya. Kilo ɗaya ƙasa tana jansa da niyuton 9.8, amma domin sauƙin lissafi za mu ɗauke shi niyuton 10 a duk wannan takarda. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ke nan jarka mai lita 25 tana danna ƙasa da niyuton 250, ban da nauyin ita kanta jarkar.

Ƙa'idar Niyuton ta farko tana cewa abu yakan dawwama a tsaye, ko kuma ya ci gaba da tafiya a miƙe da gudu iri ɗaya, muddin ƙarfafan da suke kansa sun kashe juna. Mu ɗauki yarinya da tulu a ka. Ƙasa tana jan tulun da niyuton 150, alal misali, amma bai faɗo ba. Dalili shi ne kai yana tura shi sama, ta cikin gammo, da niyuton 150 daidai. Gammo bai rage ko niyuton ɗaya ba daga nauyin. Abin da ya yi shi ne ya baza nauyin a kan fili mai faɗi, ya kuma ba gindin tulun mazauni. Wannan shi ne sharaɗin daidaito na farko: jimlar ƙarfin da ya nufi sama ta zama daidai da ta wanda ya nufi ƙasa, haka kuma dama da hagu, da gaba da baya.

3.0 Juyi

3.1 Ma'anarsa

Sharaɗin farko shi kaɗai bai isa ba. In aka ɗora tabarya a kan yatsa kusa da bakinta, yatsa yana iya tura ta sama da dukkan nauyinta, amma duk da haka sai ta wuntsila. Abin da ya faru shi ne ƙarfafan biyu ba a kan layi ɗaya suke ba, sai suka juya ta. Wannan iko da ƙarfi yake da shi na juya abu shi muke kira juyi, wurin da abin yake juyawa a kansa kuma mu kira shi madogara. Ga yadda ake lissafinsa:

juyi = ƙarfi × nisa daga madogara

Ana auna shi da niyuton-mita. Nisan da ake nufi shi ne mafi gajarta tsakanin madogara da layin da ƙarfin ya bi. Shi ya sa makanike yake jan sufana ta gicciye, in kuwa noti ya ƙi kwancewa sai ya zura bututu a hannun sufanar domin ya ƙara mata tsawo. Bai ƙara ƙarfin damtsensa ba, nisa ya ƙara.

Sharaɗin daidaito na biyu ke nan: jimlar juyin da ya bi hannun agogo ta zama daidai da jimlar juyin da ya saɓa wa hannun agogo. Ƙa'ida ce tsohuwa. Arkimidis na Sirakus, wanda ya rasu a shekara ta 212 kafin haihuwar Annabi Isa, ya kafa hujjarta da lissafi. Sabit ibn Ƙurra, wanda ya rasu a Bagadaza a 901, ya rubuta littafi a kan sikeli mai hannu ɗaya dogo ɗaya gajere. Abdurrahman Alkhazini kuma ya kammala Mizanul Hikma a Marwa wajen 1121. Ya kyautu ɗalibanmu su san wannan, don kada su ɗauka ilmin baƙo ne da ya zo tare da boko.

3.2 Ɗan ga-ruwa

Mu ɗauki ɗan ga-ruwa da sanda mai tsawon mita 1.5 a kafaɗa, garwa biyu suna rataye a bakunanta. In duk a cike suke, kowace lita 18, kafaɗarsa tana tsakiya. To, in ya juye rabin garwa ɗaya fa? Yanzu gefe ɗaya niyuton 180, ɗayan niyuton 90. Ba ya neman takarda da alƙalami, sai ya gusa da sandar har ta zauna. Lissafi yana gaya mana inda za ta zauna: mita 0.5 daga cikakkiyar garwa, mita 1 daga mai rabi, domin

180 × 0.5 = 90 × 1

Ga nauyi biyu da ba daidai suke ba, ga shi kuma sun daidaita. Kafaɗarsa tana ɗauke da niyuton 270, bisa ga sharaɗin farko. Haka mai jaki yake yi in gefen mangala ɗaya ya rinjaya: ko dai ya gyara zamanta a kan akumari, ko kuma ya jefa dutse a gefen da ba shi da nauyi.

3.3 Jigo

Masana adabi da ke wannan taro sun san jigo a matsayin abin da waƙa ko labari ya dogara a kansa. Kalmar dai ita ce sunan na'urar ban ruwa da manoman fadama suka daɗe suna amfani da ita, kafin injin ban ruwa ya maye gurbinta a mafi yawan lambuna. Doguwar sanda ce da aka ɗaura a kan wata da aka gicciya bisa gwafanni biyu. A dogon hannu akwai igiya da wasaki ko ƙwarya, a gajeren hannu kuwa curin laka ko dutse.

Bari mu ƙaddara sandar mita 4 ce, nauyinta kilo 8, an ɗaure ta mita 1 daga gindi. Dogon hannu mita 3 ke nan. Wasaki yana ɗaukar lita 10, watau niyuton 100, kuma za mu kau da kai daga nauyin fatarsa. Juyin ruwan shi ne 100 × 3, watau 300. Sandar kanta tsakiyarta tana mita 1 daga madogara ta wajen dogon hannu, saboda haka ta ƙara 80 × 1, watau 80. Jimla 380. Tun da curin laka yana mita 1 daga madogara, sai ya kai niyuton 380, watau kilo 38, kafin ya daidaita cikakken wasaki. Gwafannin kuma suna ɗauke da 100 + 80 + 380, watau niyuton 560.

A nan ɗalibi mai kaifin hankali yakan tambaya: ina ribar manomi, tun da sai ya ja igiya ƙasa da niyuton 100 kafin wasakin da ba kome a ciki ya isa ruwa? Tambaya ce mai kyau. Jigo ba ya rage yawan aikin da za a yi. Abin da yake yi shi ne ya sauya fuskar aikin. Maimakon mutum ya sunkuya ya ɗaga ruwa da ƙugunsa, sai ya ja igiya ƙasa, nauyin jikinsa yana taimakonsa, sa'an nan laka ta ɗaga ruwan. In kuma ya rage lakar zuwa kilo 23, sai aikin ya rabu biyu: niyuton 50 wajen saukarwa, niyuton 50 wajen ɗagowa. Manomi yakan yi ta ƙara laka yana ragewa har hannunsa ya ji daidai. Lissafin juyi yake yi, da laka a madadin alli.

3.4 Amalanke

Amalanken jaki mai taya biyu shi ma sanda ce a kan madogara. Madogarar ita ce ƙarfen da ya haɗa tayoyin. Mu ƙaddara daga wannan ƙarfe zuwa inda hannuwan amalanken suka hau bayan jaki mita 2 ne, an kuma ɗora buhu huɗu na gero, kowane kilo 100, jimla niyuton 4,000.

In tsakiyar kayan tana santimita 10 gaba da ƙarfen, juyinta 4,000 × 0.1, watau 400. In aka raba da mita 2, bayan jaki yana ɗauke da niyuton 200, kwatankwacin kilo 20. In aka matsa da kayan gaba har santimita 50, juyin ya zama 2,000, jaki kuma ya ɗauki niyuton 1,000, kwatankwacin buhu guda cur a gadon bayansa, ban da jan da yake yi. In kuwa kayan suka koma santimita 20 bayan ƙarfen, hannuwan amalanken za su riƙa ɗaga jakin sama da niyuton 400, kofatonsa ya kasa kama ƙasa sosai. Buhu huɗu ne a duk hali ukun. Ɗan gusawar da ba ta kai kamu biyu ba ita ta bambanta jakin da zai kai kasuwa lafiya da wanda zai durƙushe a hanya.

4.0 Cibiyar Nauyi da Ire-iren Daidaito

A misalan da suka gabata mun yi ta ambaton tsakiyar kaya. Sunanta na ilmi cibiyar nauyi, watau wurin da za a iya ɗauka cewa dukkan nauyin abu ya taru. Ga sanda mai kauri bai ɗaya, tana tsakiya. Ga galma kuwa tana kusa da ƙarfen. Ga mutumin da ke tsaye tana cikin ƙugu, kaɗan ƙasa da cibiyarsa ta jiki, kimanin kashi 55 cikin ɗari na tsawonsa daga ƙasa.

Daidaito iri uku ne, kuma ana gane kowane ta hanyar ɗan taɓa abin a ga yadda zai yi:

(a) Daidaito zaunanne. In aka ɗan ture abin, sai ya komo mazauninsa. Misali guga a rataye, ko turmi a tsaye. Turin yana ɗaga cibiyar nauyi sama, ita kuwa ƙasa take nema, sai ta komo.

(b) Daidaito na ɗofane. In aka ɗan ture abin, sai ya zarce ya faɗi. Misali tabarya da aka tsayar a kan bakinta. Kowane motsi yana saukar da cibiyar nauyi.

(c) Daidaito na ko-oho. In aka ture abin, sai ya tsaya inda aka bar shi. Misali turmi da aka kwantar a daɓe. Cibiyar nauyinsa ba ta hawa ba ta sauka.

Abin da ke tsaye a ƙasa ba ya faɗuwa muddin layin da ya sauko daga cibiyar nauyinsa yana faɗawa cikin gindinsa. Da ya fita, nauyin da ke riƙe da abin shi ne zai kayar da shi. Saboda haka faɗin gindi yana ƙara zama, tsawon cibiya kuma yana rage shi. Mu ɗauki babbar mota irin masu ɗaukar albasa daga wannan yanki zuwa kudu, wadda tsakanin tayoyinta na dama da na hagu mita 2 ne. In cibiyar nauyinta tana mita 1 daga ƙasa, sai ta karkata digiri 45 kafin ta faɗi. In lodi ya ɗaga cibiyar zuwa mita 1.5, digiri 34 ya isa. In aka ƙara buhuna, mutane kuma suka hau bisa, har cibiyar ta kai mita 2, digiri 27 ya isa, kuma a kan kwana, inda gudu yake ƙara jefa motar waje, abin da ake bukata bai ma kai haka ba.

5.0 Kwale-kwale

5.1 Abin da ke riƙe da jirgi

Jirgin ruwa ba shi da gindin da ya kafu a ƙasa, saboda haka lissafinsa ya ɗan bambanta. Ƙarfi biyu ne a kansa. Na farko nauyinsa da na abin da ke cikinsa, wanda ya nufi ƙasa ta cibiyar nauyi. Za mu kira ta C. Na biyu turin ruwa, wanda ya nufi sama. Bisa ga ƙa'idar Arkimidis, girman wannan turi daidai yake da nauyin ruwan da jirgin ya kawar daga wurinsa, kuma yana bi ta tsakiyar ɓangaren jirgin da ya nutse. Ke nan duk kilo ɗaya da aka ƙara, sai jirgi ya ƙara nutsewa har ya kawar da ƙarin lita ɗaya. Sharaɗin farko ke nan.

Sharaɗi na biyu shi ne mai hatsari. In jirgi ya karkata dama, gefen dama yakan ƙara shiga ruwa, na hagu ya fito, sai turin ruwa ya gusa dama. Layin turin, in aka miƙa shi sama, yana ratsa tsakiyar jirgin a wani wuri. Wannan wuri muke kira maƙurar daidaito, ko M a taƙaice. Wani masani Bafaranshe mai suna Piyer Buge shi ya bayyana ta a 1746. In C tana ƙasa da M, nauyi da turin ruwa sukan haɗu su juyo da jirgin ya miƙe, daidaito zaunanne ke nan. In C ta haye M, su biyun dai su ne za su haɗu su ƙarasa karkatar da shi, daidaito na ɗofane ke nan. Lafiyar jirgi tana cikin tazarar da ke tsakanin C da M.

5.2 Lissafi

Domin aji, za mu ɗauki jirgi mai siffar akwati, shafaffen ƙasa. Alƙaluman na misali ne, kowane malami yana iya sauya su da awon jirgin da ke kusa da makarantarsa. Tsawo mita 8, faɗi mita 1, zurfi santimita 50, nauyi kilo 400, cibiyarsa santimita 20 daga ƙasansa. Ga irin wannan jirgi,

tsawon M daga ƙasan jirgi = rabin nutso + (faɗi × faɗi) ÷ (12 × nutso)

inda nutso yake nufin zurfin ɓangaren da ke cikin ruwa.

Hali na farko. Mutum 24 sun shiga, kowane kilo 50, sun zauna a ƙasan jirgi, cibiyar kowane tana santimita 30. Jimlar nauyi kilo 1,600. Nutso santimita 20, saura 30 a waje. M tana santimita 52, C kuma, in aka haɗa ta jirgi da ta mutane, tana kusan santimita 28. Tazara santimita 24. In mutum ɗaya ya matsa santimita 40 zuwa gefe, jirgin zai karkata kimanin digiri 3 kawai. Mai miƙewa tsaye yana ɗaga cibiyarsa daga santimita 30 zuwa 85, amma sai mutum 15 sun miƙe kafin C ta haye M.

Hali na biyu. Mutanen nan dai, amma an ƙara itace kilo 800, an tsiba shi har cibiyarsa tana santimita 60. Jimla kilo 2,400. Nutso ya zama santimita 30, saura 20 a waje. M ta sauko zuwa santimita 43, C ta hau ta wuce 38. Tazarar ba ta kai santimita 5 ba. Yanzu mutum ɗaya in ya matsa santimita 40, jirgin zai karkata kimanin digiri 10. A digiri 22 bakin jirgin zai taɓa ruwa, kuma mutum huɗu sun isa su kai shi nan. Haka kuma mutum huɗu kacal in suka miƙe tsaye, C ta haye M.

Mu lura da abu biyu. Na ɗaya, a hali na biyu jirgin yana nan a kan ruwa, a miƙe, har da tazarar santimita 20 a gefensa. Wanda ke kallo daga gaɓa zai ce lafiya lau, domin ido yana ganin sharaɗin farko, ba ya ganin na biyu. Na biyu, da an shimfiɗa itacen nan a ƙasan jirgi har cibiyarsa ta tsaya a santimita 25, mutane kuma suka zauna ƙasa a sauran filin, da C ta tsaya wajen santimita 27, tazarar ta koma 16. Nauyi ɗaya, mazauni daban.

Akwai kuma abu na uku, watau ruwan da ya taru a cikin jirgi. Shi ba ya zama wuri ɗaya kamar buhu. Duk gefen da jirgi ya karkata can yake kwarara, ya ƙara wa wannan gefe juyi. Haka mutane ma suke yi in sun firgita, su miƙe, su rinjaya gefe guda. Shi ya sa tsofaffin sarkawa suke hana tsayuwa a jirgi, suke kuma sa yaro ya yi ta kwarfe ruwa.

6.0 Shawarwari

Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na muhallinsa, kuma gwajin shekara shida da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife tun daga 1970 ya nuna ana iya koyar da kimiyya da lissafi da Yarabanci. Hausa ba ta gaza ba. Bisa ga haka muna ba da shawarwari kamar haka:

(a) A fara darasi da gwaji kafin ƙa'ida, domin gani ya kori ji. A ɗora rula mai santimita 30 a kan fensir a tsakiyarta, a sa marfin kwalba biyu santimita 5 daga tsakiya, a bar ɗalibi ya nemi inda marfi ɗaya zai daidaita su. Da kansa zai gano santimita 10.

(b) A kawo daro da ruwa da gwangwanin kifi. A shimfiɗa curin yumɓu a ƙasan gwangwanin a ɗora bisa ruwa, a taɓa shi. Sa'an nan a mulmula yumɓun nan dai ya yi tsawo, a tsayar da shi a ciki, a sake taɓawa. Ajin da ya ga gwangwanin ya kife ba zai manta da C da M ba.

(c) Ɗalibanmu masu gwajin koyarwa su riƙa zuwa wurin masu amalanke da manoman fadama da sarkawa, su tambayi sunayen sassan kayan aikinsu, su auna su, su gina lissafin aji a kansu. Ta haka za mu tara kalmomin fannu daga bakin masu su, mu kawo wa irin wannan taro ya tace. Kalmomin da muka yi amfani da su a nan, kamar juyi da madogara da maƙurar daidaito, shawara ce, muna maraba da gyara.

(d) A makarantun da ke bakin ruwa, darasin ya ƙare da dokoki biyar da kowane yaro zai iya faɗin dalilinsu: kaya masu nauyi a ƙasa kuma a tsakiya, kowa ya zauna ƙasa, ba mai miƙewa ko da jirgi ya girgiza, a kwarfe ruwa tun yana kaɗan, a kuma shata layi a jikin jirgi wanda in ruwa ya kai shi ba a ƙara kowa. Rigar ruwa kuma wajibi ce ga wanda ya samu.

7.0 Kammalawa

A cikin wannan takarda mun bayyana cewa abu ba ya daidaita sai ya cika sharaɗi biyu: ƙarfafan da ke kansa su kashe juna, juye-juyen da ke kansa su ma su kashe juna. Mun nuna haka a kan sandar ɗan ga-ruwa da jigo da amalanke. Mun kuma nuna cewa daidaito hawa-hawa ne, kuma mazaunin cibiyar nauyi shi ke bambanta zaunanne da na ɗofane, a kan mota da kuma a kan ruwa. Manomi da mai jaki da basarke sun san waɗannan abubuwa a hannu. Abin da aji zai ƙara shi ne lissafi, wanda yake ba mutum damar sanin abin da zai faru tun jirgi yana gaɓa. Yaran Gidan Magana da na Dandeji sa'o'in ɗaliban da muke koyarwa ne. Muna roƙon 'yan'uwa malamai su gwada waɗannan darussa a azuzuwansu, su kuma sanar da mu inda suka yi amfani da inda suke bukatar gyara.